Ganuwa da Dutse: Bauta, Asali da Kaɗaici a Iyakar Kudancin Kano

Garin Fagam, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudu maso gabashin Jihar Jigawa, yana zaune ne a inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Hausa take ƙarewa, duwatsu kuma suke fara tasowa har su haɗe da tsaunukan Warji da Ningi da ke cikin Jihar Bauci. Kafin a yanke Jigawa daga Jihar Kano a 1991, Gwaram da Birnin Kudu gundumomi ne na masarautar Kano, kuma a ƙarni na 19 nan ne ikon Kano yake sirancewa, ya yi karo da na Bauci daga kudu da na Katagum daga gabas, ya bar a tsakani wata ƙasa wadda babu sarkin da zai bugi ƙirji ya ce tana hannunsa dare da rana. Mazauna irin wannan wuri sun rayu da wata tambaya wadda mutanen cikin birnin Kano ba su cika yi wa kansu ba, wato wane ne ya halatta a kama a sayar, wane ne bai halatta ba, kuma da wace alama za a gane bambancin. Ƙagaggen labarin Hausa da ya fi kowanne kutsawa cikin wannan tambaya shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, kuma marubucinsa ya zaunar da mai ba da labarin a Rauta, garin da ke fuskantar waɗannan duwatsu daga ɓangaren Bauci.

Mutane sun zauna a duwatsun yankin tun kafin a gina ganuwa ko ɗaya. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da Bernard Fagg, suka yi nazari a shekarun 1950, kuma da yawa daga cikin shanun da aka zana ba su da tozo, abin da ke nuna cewa masu zanen sun san wani irin shanu dabam da wanda makiyaya suke korawa a yankin yanzu. A zamanin da tarihi ya fara kama sunaye, al'ummomin da ke kan duwatsun nan da gindinsu su ne Warjawa, da Pa'awa waɗanda Hausawa suke kira Afawa, da Sirawa, da Butawa, da wasu ƙananan ƙabilu, dukkansu manoma masu addinin gargajiya. Masana harsuna sun tabbatar da cewa Warjanci da Pa'anci 'yan gida ɗaya ne da Hausa a cikin babban rukunin harsunan Cadi, kuma a launin jiki babu abin da zai raba Bawarje da Bakano idan an tsayar da su gefe da gefe. Duk abin da ya raba su a tarihi, mutane ne suka ƙirƙire shi, sannan suka nemo masa alamomi.

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya nuna cewa kudu ta daɗe tana zama wurin neman bayi. A labarin Sarki Abdullahi Burja, wanda ake ƙiyasta mulkinsa daga 1438 zuwa 1452, an ce Galadimansa Dawuda ya shekara bakwai a kudu yana yaƙar waɗanda ba su musulunta ba, yana aiko wa sarki da bayi dubu-dubu, har ya kafa garuruwa 21 ya zuba bayi a cikinsu. Ko da an rage wani abu daga waɗannan alƙaluma saboda ƙarin gishirin masu yabon sarakuna, tsarin da suke nunawa bai ɓoyu ba: birni yana cika da mutanen da ake kwasowa daga bakin duwatsu, kuma arzikin noma da masana'antun Kano yana da hannun waɗannan mutane a cikinsa tun daga tushe.

Malaman Musulunci na Afirka ta Yamma ba su bar wannan al'amari babu ƙa'ida ba. Wajen 1615, Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta amsa ga wasu mutanen Tuwat, wani zangon fatauci a cikin Sahara, waɗanda suka tambaye shi hukuncin baƙaƙen fatar da ake kawo musu daga kudu. A cikin littafin, mai suna Mi'raj al-Su'ud, ya yanke cewa dalilin bauta a shari'a shi ne a kama wanda ba Musulmi ba a yaƙin da ya halatta, cewa baƙi da fari ɗaya suke a wannan hukunci, kuma ya ƙaryata masu jingina bautar baƙar fata ga wata la'ana da suke cewa ta faɗa wa zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Gobir da Sanwai a cikin Musulmin da ba ya halatta a mallake su. Wannan fatawa ta kare mutane da yawa a takarda, amma ta bar wasu a fili, domin da zarar an ce addini ne ma'auni, duk wanda ke kan dutse yana bin addinin kakanninsa ya zama abin farauta. Tambayar da aka yi masa ita kanta shaida ce cewa a hayin Sahara an riga an fara ɗaukar launin fata a matsayin hujja, ba don haka ba da babu bukatar amsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun sanya sayar da 'ya'yan Musulmi cikin manyan laifuffukan da suka tuhumi sarakunan Haɓe da su, kuma bayan jihadin da ya fara a 1804 aka yi ƙoƙarin tsayar da ƙa'ida. Maguzawa, wato Hausawan da ba su musulunta ba, aka karɓi jiziya daga hannunsu aka bar su cikin kariya. A ƙasar Bauci, wadda Yakubu ya kafa a tsakiyar ƙabilu masu yawa, aka yi tsarin amana, wato yarjejeniyar da wata al'umma za ta riƙa biyan gaisuwa don a ƙyale ta, kuma sau da yawa ana biyan gaisuwar ne da mutane. Wanda ya ƙi amana, ko aka ce ya karya ta, ya halatta a kai masa hari. Ta haka ganuwa da dutse suka zama alamomi biyu masu kishiyantar juna a tunanin mutanen zamanin: na cikin ganuwa ɗan gari ne mai sarki da alƙali da masallaci, na kan dutse kuwa an yi masa kuɗin goro da sunan arne, kalmar da ta isa ta cire mutum daga cikin waɗanda ake jin kukansu.

Tarihin Ningi shi ne ya birkita wannan rabo. Wajen 1846, a farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza ya tashi daga Tsakuwa, kudu da birnin Kano, tare da wasu malamai da iyalansu, saboda sun ƙi biyan kuɗin ƙasa da suke ganin bai hau kansu ba. Suka shiga duwatsun Ningi, suka tarar da Butawa da Warjawa da Pa'awa da sauransu waɗanda suka gaji da hare-haren Kano da Bauci, suka haɗa kansu ƙarƙashin jagoranci ɗaya. A hannun magadan Hamza, musamman Abubakar Ɗan Maje wanda ya yi zamani daga wajen 1855 zuwa 1870, da Haruna Ƙarami da ya biyo shi, da Usman Ɗan Yaya wanda mulkinsa ya ƙare a 1902, Ningi ta zama daula mai dawaki wadda take kai farmaki cikin ƙasashen Kano da Bauci da Zazzau da Katagum. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya ci shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da wannan iyaka, yana ƙarfafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a bakin daga. Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu kuwa ya bar babban birninsa ya koma Rauta da zama, kuma masana suna danganta wannan ƙaura da yaƙin Ningi.

Abin lura a nan shi ne, malamai Musulmi ne suke jagorantar waɗanda ba Musulmi ba suna kama Musulmi, yayin da sarakunan Musulmi suke kama talakawan waɗannan malamai suna kaiwa kasuwa. Ƙa'idar Ahmad Baba ba ta da wurin tsayawa a irin wannan fili. Garuruwan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Fagam suna kan hanyar mahara ta kowane ɓangare, saboda haka rayuwa ta takure a jikin ganuwa: gonakin da ke kusa da ƙofa su ne masu daraja, na nesa a bar wa daji ko a nome su cikin fargaba, a rufe ƙofa da faɗuwar rana, kuma matan da za su je rafi ko itace ba sa tafiya ɗai-ɗai. Mahara sukan kwana a ɓoye a bakin gona, su jira gari ya waye mutane su sunkuya da fartanya, sannan su fito a guje a kan dawaki su yanke tsakaninsu da ƙofar gari. Namiji mai ƙarfi yakan mutu a wurin ko ya tsere, mata da yara ne ake ɗaurewa a kora. Da yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, Yusufawa, ɗaya daga cikin ɓangarorin da ke faɗan, suka kafa sansani a Takai, yamma da Birnin Kudu, kuma a cikin wannan yaƙi, wanda duk ɓangarorinsa biyu Musulmi ne 'yan gida ɗaya, an bautar da 'ya'ya da aka kama ba tare da kowa ya tsaya duba littafi ba.

Kamawa mataki ne na farko kawai. Abin da yake mayar da kamamme bawa shi ne yanke shi daga danginsa, kuma wannan aiki yana da hanyoyinsa sanannu. Ana nisanta shi da ƙasarsu tukuna, domin wanda aka kama a Warji aka ajiye a Gwaram zai gudu cikin dare ɗaya, amma idan an kai shi kasuwar Kurmi a Kano, dillali ya duba haƙoransa da idanunsa da gaɓoɓinsa, aka sallama shi ga mai saye daga Katsina ko Sakkwato, hanyar gida ta ɓace masa. Sannan a sauya masa suna. 'Ya'ya suna ɗaukar sunayen annabawa da sahabbai ranar suna a gaban dangi, shi kuwa bawa akan kira shi da wata kalma ta godiya ko addu'a wadda take komawa ga ubangidansa, irin su Nasamu da Nagode da Barka, har ma wani mashahurin bawan fada, Ɗan Rimin Kano na farkon ƙarni na 20, sunansa Allah Bar Sarki. A shari'a bawa ba ya cin gado, ba ya aure sai da izinin mai shi, 'ya'yan da baiwa ta haifa wa bawa kuma na ubangijin uwar ne. Mutumin da ba shi da kawu ko baffa da zai tsaya masa a gaban alƙali, kuma ba shi da gidan da za a kai gaisuwar mutuwarsa, shi ne cikakken saniyar ware a al'ummar da kowa yake tsayuwa da danginsa.

A nan ne tsagar fuska take da muhimmanci fiye da ado. Wanzami, wanda yake aske jariri ya cire masa belu, shi ne kuma yake yi masa tsagar gado da aska, a shafa baƙi a wurin don ta fito sosai idan ta warke, kuma daga ranar fuskar yaron ta zama takardar shaidar gidansu da garinsu. Bagobiri da Babarbare da Bakatsine kowa da irin tasa, kuma a zamanin hari wannan shaida tana iya sa wani ɗan garinsu ya gane kamamme a kasuwa mai nisa, ya kai labari gida a zo a fanshe shi. Amma askar da take shaidar 'yanci ita ce kuma take shaidar mallaka. A fadar Kano a wancan zamani ana yi wa cucanawa, wato bayin da aka haifa a cikin bauta, tsaga uku a kowane kunci, wadda ake kira uku-uku, don kowa ya san na gidan sarki ne. Wanda aka kamo da girmansa kuwa yana ɗauke da tsagar ƙabilarsa, wadda take sanar da duk wanda ya kalle shi cewa daga dutse aka sauko da shi, ko da ya iya Hausa kamar ɗan gari, ko da ya riƙe salla fiye da ubangidansa.

Bautar ƙasar Hausa tana da ƙofofi waɗanda ba a rufe suke ruf ba, kuma adalci ne a ambace su. Bayin rinji, wato ƙauyen bayi da ke noma gandun ubangidansu, sukan yi masa aiki daga safe zuwa azahar sannan su koma gayaunarsu, ƙaramar gonar da amfaninta nasu ne, kamar yadda wata dattijuwa mai suna Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta da aka buga a 1954. Akwai murgu, wato kuɗin da bawa yake biya lokaci-lokaci don a bar shi ya yi sana'ar kansa, kuma ta nan wasu suka tara abin fansar kai. Kwarkwara ko sa-ɗaka da ta haihu da ubangidanta ba a sayar da ita, tana 'yantuwa idan ya rasu, ɗanta kuma ɗa ne mai cin gado, har sarakuna da yawa ta wannan hanya aka haife su. A fada, manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko wanda hakimai da yawa ba su samu ba. Sai dai shi wannan iko daga kaɗaicin ya fito, domin sarki ya amince musu ne saboda ba su da dangin da za su nemi sarauta, ba su da kowa sai shi.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taso a bakin wannan tarihi. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauci, shekara goma kacal bayan Turawa sun ci garin Bauci, mahaifinsa kuma mai hidima ne a gidan Ajiyan Bauci, ba mai sarauta ba. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, kuma a shekarar da ya gama ne Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, gasar da ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da wasu. Yayin da Ruwan Bagaja ya bi hanyar raha da yawon duniya, Ganɗoki kuma ya bi ta jarunta, wannan saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zaɓi ya rubuta labarin iyalin da bauta ta tarwatsa, a lokacin da dattawan da suka sayi bayi da waɗanda aka saya suna raye a kowace unguwa.

Labarin a taƙaice shi ne, Umar maraya ne daga Kagara, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda ya je hari ƙasar Gwari tare da mayaƙan sarki, ya dawo abokan fadarsa suka yi masa sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari har ya je ya zauna a Makarfi. Kafin iyalin su sake haɗuwa, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani mai harin bayi, Gumuzu, wanda ya kai shi Kano. Wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama babban malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta a Kano aka sayar da ita, aka ƙetare Sahara da ita zuwa Murzuk. Sun haɗu bayan shekaru masu yawa a ƙasar da yanzu ake kira Libiya, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi, shi kuma a hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu ya tsira shi kaɗai, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a Rauta.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya jera makomar uwa da ta ɗa. Hanya ɗaya suka bi, kasuwa ɗaya ta sayar da su, hamada ɗaya suka ƙetare, amma yaron ya shiga bauta tun bai san asalinsa ba, ya samu sabon uba da sabon harshe da allo, karatu ya zame masa dangi na biyu, har ya dawo ƙasar Hausa a matsayin Shaihu wanda ɗalibai suke zama a gabansa. Uwar ta shiga bauta da cikakken sanin ko ita wace ce, saboda haka ba ta taɓa sakin jiki da ita ba, kuma kasancewarta ɗiya Musulma, wanda a shari'a ya isa ya 'yanta ta, ba shi da mai shaida a ƙasar da babu wanda ya taɓa jin sunan Fatika. Hamadar da ke tsakiyar littafin tana aiki biyu: hanya ce ta gaskiya wadda ayarin Ghat da Murzuk da Tarabulus suka bi, kuma alama ce ta nisan da ke shiga tsakanin mutum da duk wanda zai iya cewa na san shi. Tarihi ya goyi bayan wannan hoto. Baturen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga birnin a shekara ba su wuce 5,000 ba, mafi yawan bayi kuma a cikin ƙasar ake riƙe su, sannan wani Baturen matafiyi, Gustav Nachtigal, ya ba da labarin cewa a kasuwar Kukawa yaron da ya fi tsada shi ne wanda ake kira sudasi, mai tsawon taƙi shida, wato wanda ya isa aiki amma bai girma har ya ƙi karɓar sabuwar rayuwa ba.

Amma akwai wurin da littafin ya yi shiru, kuma mai karatu daga Fagam ko Warji ya fi kowa cancantar ya lura da shi. Gwarawan da Makau da abokansa suka kamo a farkon labarin ba su da suna, ba a bi ko ɗayansu an ga inda ya ƙare ba, kuma duk rigimar da ta biyo baya a kan adadinsu ce, nawa aka kamo, nawa aka kai wa sarki. Makau, wanda hannunsa ya raba wasu uwaye da 'ya'yansu, shi ne mutumin kirkin da aka zalunta. Tausayin labarin ya tsaya ne a kan iyakar da Ahmad Baba ya shata, wato zalunci ne a bautar da Musulmi ɗa, na kan dutse kuwa lissafi ne. Mai yiwuwa marubucin ya jera harin farko da satar Umar ne da gangan, don mai hankali ya ga cewa abin da Makau ya yi wa wasu shi ne ya dawo gidansa, kuma wannan karatu yana da madogara a tsarin labarin. Duk da haka littafin bai ba Bagwari ko ɗaya baki ya yi magana ba, kuma wannan rashi yana da nauyi, domin mafi yawan waɗanda suka cika rinjoji da gidajen Kano da Zariya da Bauci irin waɗannan ne.

Kwatanta wannan da adabin Amurka yana fito da abin da ya keɓanta da kowane ɓangare. A 1937, shekara uku bayan Shaihu Umar, John Steinbeck ya fitar da Of Mice and Men, labarin 'yan ƙwadago a wata gona a Kalifoniya, wanda a cikinsa akwai Crooks, baƙar fata mai kula da dawaki, wanda yake kwana shi kaɗai a wani ɗan ɗaki jikin barga, cikin linzamai da kayan doki, saboda ba a yarda ya shiga ɗakin kwanan sauran ma'aikata ba. Yana da littattafai, har da wani tsohon kundin dokokin jihar, amma karatun bai buɗe masa ƙofar da ya buɗe wa Umar ba, kuma da wata farar mace ta tuna masa cewa kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rataye shi, sai ya janye jikinsa ya yi shiru. An haramta bauta a Amurka tun 1865, amma alamar da aka ɗaura ta a kai tana jikin mutum, ba wanzami ya yi ta ba, kuma ba ta gogewa da musulunta ko karatu ko dukiya. Dokar Birjiniya ta 1662 ta sa ɗa ya bi matsayin uwarsa ko da ubansa shi ne mai gonar, akasin hukuncin mazhabar Malikiyya da ya sa ɗan sa-ɗaka ya gaji ubansa. Wannan bambanci na gaske ne, kuma shi ya sa jikokin bayi a ƙasar Hausa suka iya narkewa cikin jama'a a tsawon zuriya biyu ko uku. Sai dai kuskure ne a mayar da shi hujjar wanke kai, domin sauƙin da jika ya samu bai rage komai daga abin da aka yi wa kakarsa ranar da aka ɗaure ta a bakin gona ba.

Ƙarshen bautar ya zo a hankali. Dokar da gwamnatin Turawa ta Lugard ta kafa a 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda suke hannu ba. Turawa sun ci Bauci a 1902, suka ci Kano a 1903 suka rufe kasuwar bayi, sannan suka bar wa kotunan alƙalai aikin fansa, inda bawa zai biya kuɗin kansa kaɗan-kaɗan, domin suna tsoron kada gandaye su watse sarakunan da suke mulki ta hannunsu su rasa abin dogaro. Tsarin manyan bayin fadar Kano ya ci gaba har wajen 1926, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, wato shekara biyu bayan an fara karanta Shaihu Umar a makarantu. A kudancin Kano, tsayawar hari ta sa mutane suka fita daga ganuwa suka kafa ƙauyuka a dajin da aka daɗe ana tsoro, mutanen dutse kuma suka riƙa saukowa fili suna cin kasuwa ɗaya da waɗanda suka yi yaƙi da su.

Littafin ya ci gaba da tafiya bayan marubucinsa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya aka kuma kashe shi a Janairun 1966: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Alamomin da ya yi magana a kansu suna ta ɓacewa, domin iyaye kaɗan ne suke yi wa 'ya'yansu tsaga yanzu, ganuwoyin ƙananan garuruwa sun zama tudun ƙasa ko gonaki, harsunan Butawa da Ningawa kuma Hausa ta kusa shafe su ƙaf, ko da yake Warjanci yana da masu magana da shi har yanzu a Bauci da kudancin Jigawa. Inda tsohon rabon ya fi daɗewa shi ne wurin neman aure, lokacin da iyayen yarinya ko na yaro suke aika wani dattijo a asirce ya binciko asalin ɗaya gidan, kuma a wasu gidaje amsar da ya dawo da ita game da kakan kaka takan isa a mayar da kayan da aka kawo, ba tare da an faɗa wa masu neman dalili ba.